Inda ciniki da baƙo yake lalacewa

A Kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci da ke Kaduna, ciniki yana da tsarinsa. A gaisa, a tambayi iyali, sannan mai saye ya taya. Mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a sake ƙarawa, har ya ce ya sallama. Daga nan magana ta ƙare ko da wani ya zo da kuɗin da ya fi, domin mai janye sallama sunansa ne yake ɓaci a layin. Dillali ya karɓi la'adarsa, shi ne kuma shaida.

Asara tana shigowa ne idan ɗan kasuwarmu ya kai wannan tsari wurin wanda bai tashi a cikinsa ba, musamman masu saro kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Farashin mai masana'anta a Sin yana bin yawan kaya: kuɗin guda 500 daban, na cikakkiyar kwantena daban. In ka matsa masa lamba kan ragi, da wuya ya ce a'a ƙiri-ƙiri, don a wurinsu kunyata abokin ciniki abin gudu ne. Sau da yawa zai amince, ya cire giɓin daga jikin kayan: yadi ya zo shara-shara, wayar wuta ta zo da ƙarancin tagulla. Shi ya sa ake daidaita inganci kafin a taɓa farashi. A rubuta nauyin yadin, faɗinsa, launinsa da yawan guda a kwali. A ɗauki samfur biyu, a sa musu hannu, kowa ya riƙe ɗaya. Kafin alƙalami kashi 30 ne a al'ada, ragowar 70 kuwa kada ya fita sai wakilinka ya buɗe kwalaye ya gani da idonsa. A kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da kai kaya tashar jirgin ruwa, ko na bakin masana'anta ne kawai.

Wakilin babban kamfani, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Baje Koli ta Kaduna da ke hanyar Zariya, nasa daban ne. Yawanci daga ofis aka yanke masa farashi. Ka taya rabi, sai ya ɗauka ba saye ka zo yi ba. Abin da yake da ikon sassautawa shi ne wa'adin biya, garanti, kayan gyara da kuɗin dako, to a nan ake ciniki.

Mu ma muna rikita su, kuma wannan ya fi damuna. Bahaushe ya ce "sai na yi shawara" alhali ya fasa, don kada ya ɓata wa mutum rai. Baƙon kuwa ya ware masa kaya yana ta jira. In an fasa, a aika masa saƙo a ranar, cikin ladabi, cewa an fasa. In shawarar ta gaskiya ce, a yanka masa ranar da zai ji amsa.