Fitila da kifin diskas: abin da na gani a tankina

Masu kiwon kifin ado sun kasu biyu a kan maganar diskas da fitila. Wasu na cewa kifin duhu ne, a rage masa haske har sai da ƙyar ake hangensa. Wasu kuma na cewa wannan tsohon zance ne, tunda yawancin diskas ɗin da ake sayarwa yau a gonakin Tailan da Malesiya da Jamus aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin Amazon ba. Ni da na daɗe ina kiwonsu a falona, na tsaya a kan cewa ƙarfin haske yana damunsu, amma abin da ya fi wahalar da su shi ne haske ya faɗo musu bagatatan, su kuma rasa inda za su fake.

Tankina na cin lita 300, da diskas shida a ciki, domin kifi ne da ba ya son zaman kaɗaici. Fitilar da ta zo da tankin farar LED ce mai ƙarfi, irin wadda ake yi wa masu shuka ciyayi a ruwa. Makonnin farko hankalina bai kwanta ba ko kaɗan. Kifayen da na gani jajaye da shuɗaye a wurin mai sayarwa suka yi duhu, ratsin nan tara da ke saukowa daga gadon bayansu zuwa ciki suka fito baƙi ƙirin. Sun matse fukafukansu, sun cure a lungu ɗaya bayan matatar ruwa. In na zuba abinci sai ya nutse ya kwanta ba wanda ya taɓa.

Ruwa na fara aunawa, kuma ina roƙon duk wanda ya ga irin wannan ya fara daga nan, don gurɓataccen ruwa ya fi fitila saurin kisa. Amoniya da naitarait, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, duk babu, zafi yana kan digiri 29, daidai cikin 28 zuwa 30 da suke so. Ruwa lafiya lau. Sai na koma ina zama kusa da su da sassafe, kafin a kunna komai, lokacin da hasken taga kawai ke shigowa. A nan na ga wasu kifaye dabam. Suna gaban gilashi, fukafukai a buɗe, launi ya washe, suna tsintar abin da suka bari jiya. Ina danna makunnin fitila suka watse, wani har ya bugi gilashi.

Asalinsu ya bayyana mini dalili. Diskas na kwarin Amazon ne, a Barazil da Peru da Kolombiya. Wani masani ɗan Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1840. Inda yake zama ba tsakiyar kogi ba ne da rana ke duka. Yana cikin tafkuna da dazuzzukan da ambaliya ke shanyewa, tsakanin saiwoyi da rassan da suka faɗa ruwa. A wurare irin Kogin Negro, ganyen da ke ruɓewa ya rina ruwan ya zama kamar baƙin shayi, ga kuma inuwar bishiyoyi daga sama. Sannan kifi ba shi da fatar ido da zai runtse, ƙwayar idonsa ma ba ta tsukewa nan take irin tamu. A can cikin idon ake yin gyaran, kuma yana ɗaukar mintuna da yawa. Haihuwar gona ta sa sun saba da mutane da tsirarar tanki, amma idon nan bai canza ba.

Daga nan na gane babbar matsalar gidana, wato ɗaukewar wuta. A ɗauke da magariba fitila na kunne, tanki ya faɗa duhu farat ɗaya. A dawo da ita ƙarfe biyun dare, fitila ta haska da dukkan ƙarfinta a kan kifayen da ke barci. Wata safiya na tarar da ɗaya ya kurje gefensa a jikin itace, kuma ganin raunin ya sosa mini rai ƙwarai. Ranar na mayar da fitilar kan layin batirin sola, na sa mata na'urar kunnawa da kashewa a kan lokaci. A nemi mai ƙaramin batir a cikinta. Mai juyawa da wutar gida tana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke, lissafinta ya rikice. Na kuma samo abin rage haske mai sa fitilar ta taso sannu a hankali cikin rabin awa, ta sauka haka da dare. Wanda bai samu wannan ba, ya kunna fitilar ɗaki minti 20 ko 30 kafin ta tanki, da dare kuma ya kashe ta tanki ya bar ta ɗaki ɗan lokaci.

Ƙarfin fitilar na sauke shi zuwa wajen rabi, awa 8 a rana. Gansakukar da ke bin gilashi ma ta ragu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne aikin kainuwa. Ita ɗin dai da muka sani a kududdufi. Na wanke ta sosai, na ajiye ta a bokiti na makonni kafin ta shiga tanki, saboda katantanwar kududdufi na ɗauke da cututtuka, har da tsargiya. Ta rufe ɓangare ɗaya na saman ruwan, saiwoyinta suka sauko, tankin ya zama yana da gefen rana da gefen inuwa. Da na ba su mafaka na ɗauka a can za su tare. Ashe da suka san inuwa na kusa, sai suka fi fitowa fili. Su shiga haske su yi kiwo, in wani ya wuce da sauri su koma ƙarƙashin kainuwa, jim kaɗan su sake fitowa. Duk mako ina rage ta, don in ta rufe saman gaba ɗaya iska za ta yi ƙaranci, ruwan ɗumi kuwa dama ba ya riƙe iska da yawa. A ƙasa na ɗaure anubiyas a jikin itace. Tsiron Afirka ta Yamma ne, yana fitowa a bakin rafukan kudancin Najeriya da Kamaru, kuma ƙaramin haske ya ishe shi. Busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai faɗin ganye da ake dasawa don inuwa, yana ɗan rina ruwan ya tausasa hasken.

Launin kifayen ya dawo a hankali, cin abinci ma haka. Har yanzu ratsin na fitowa in suna rigimar wane ne babba, su ɓace bayan ɗan lokaci, wannan ba ya damuna. Duhun jikin da nake tsoro shi ne wanda ya wuni, ya haɗu da ƙin abinci ko farin kashi mai yauƙi, don nan cutar ciki ta samu kifin da ya riga ya galabaita.

Akwai kuma duhun da alheri ne. Lokacin da biyu daga cikinsu suka yi ƙwai a jikin itace, iyayen sun yi duhu sosai, domin 'ya'yan diskas majinar da ke fita a fatar iyayensu suke ci a kwanakin farko, kuma jiki mai duhu suke bi. A waɗannan kwanaki ne kaɗai nake barin ƙaramar fitila a ɗakin har gari ya waye, don kada 'ya'yan su ɓace wa iyayen cikin dare.