Abin da zama cikin Koriyawa ya koya min game da zumunci da hoto

Duk wanda ya yi karatu ko aiki a Koriya ta Kudu zai faɗa maka mutanen nan ba sa wasa da lokaci, kuma gaskiya ne, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda suke ɗaukar wannan tsarin nasu su kai shi har cikin zumunci. Ni a Daejeon nake, garin da jami'o'i da cibiyoyin bincike suka yi wa yawa, ina digiri na uku a fannin injiniya, kuma a lab ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, komai sai an rubuta. Gwajin da ka yi ba ka sa shi a littafi ba, ba kwanan wata, ba hoton sakamako, to a wajen farfesa ba ka yi ba ko da kuwa a kansa ka kwana. Abin da ba a sa wa rana ba kuma ba ya cikin lissafi sam.

A lokacin Chuseok na fara gane abin ya wuce aiki. Bikin kaka ne da suke yi ranar 15 ga wata na takwas a kalandarsu ta wata, yakan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba. Tun saura makonni ake buɗe sayar da tikitin jirgin ƙasa, sai ka ga yaran lab tun da sassafe kowa ya ƙura wa kwamfuta ido yana jira lokaci ya buga, don in ka yi sanya kujera ta ƙare. Mutumin da shekara guda bai nemi hutu ba, wannan kwanakin ko farfesa ba ya tambayar ina yake, kowa ya san ya tafi gaida iyaye da ziyarar kaburburan kakanni. In suka dawo kuma da hotuna suke dawowa.

Mu fa zumuncinmu ba ƙarami ba ne, wallahi ban ga wanda ya fi mu ba, sai dai kusanci ne yake ɗauke da shi, ka fita masallaci ka ga kawu, ka je suna ka ga gwaggo, ba sai ka shirya ba. Zumunta a ƙafa take, to ƙafar ce nisa ya ɗaure, ga bambancin awa 8 tsakaninmu da gida, lokacin da Umma ta idar da sallar asuba ni na riga na ci abincin rana, in kuma ta samu sararin hira da dare ni ina tsakiyar barci. A irin wannan zaman "in an samu dama" ba ta zuwa da kanta, sai ka sa mata rana kamar yadda Koriyawan nan ke yi.

Haka na yi da zuwan Umma da ƙanwata. Na zauna na jera komai, takardar gayyata, shaidar makaranta, bayanin banki, neman biza a Abuja, sannan jirgi tunda babu mai zuwa kai tsaye, ta Addis Ababa suka biyo zuwa filin jirgin Incheon. Oktoba na zaɓa don sanyin Janairu a nan yana sauka ƙasa da sifiri, ba na tsohuwar da ta saba da Kano ba ne, ga shi a Oktoba ne ganyen itatuwa ke komawa ja da ruwan ɗorawa. Na kuma roƙe su kar su sako kilishi ko dambun nama, ba a shiga ƙasar da nama, tarar da ake ci a filin jirgi mai nauyi ce.

Abin da ban zata ba shi ne yadda zuwanta ya canja zamana a lab. Kafin nan ni baƙo ne da ake girmamawa amma daga nesa, wanda in an fita cin abincin dare na ma'aikata ba ya shan giyarsu ta soju ba ya cin naman alade, sai a rasa me za a ce masa. Ranar da na kawo Umma ta gaida farfesa, dattijon nan miƙewa ya yi ya rusuna mata, ya karɓi tsarabar da ta kawo da hannu biyu, yadda su suke yi wa na gaba da su. Ita kuma ta ce min "Babana, ka ce masa amana ce na bar masa, Allah ya saka da alheri." Na fassara, ya yi shiru kaɗan ya sake rusunawa. Da kansa ya sa aka nemi gidan gasasshen kifi don kowa ya iya ci. Tun daga nan yaran lab suke tambayata lafiyarta, sun ga ni ma ɗan wata ne, kuma a wajen Koriyawa wannan babban abu ne.

Yawo kam mun yi. Daga Daejeon zuwa Seoul kamar awa ɗaya ne a jirgin ƙasa mai sauri na KTX. Mun je Gyeongbokgung, fadar sarakunan Joseon da aka gina a 1395, inda duk wanda ya sa hanbok, kayansu na gargajiya, yake shiga kyauta, shagunan haya kuma ga su nan birjik a kewaye. Siket ɗin dogo ne har ƙasa mai faɗi, da hijabi ya zauna wa ƙanwata ɗas, har wasu tsofaffin mata suka tsaya suna gyara mata ɗaurin gaban rigar. Juma'a mun yi ta a babban masallacin Seoul da ke Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, muka ci abincin halal a layin. Hasumiyar Namsan ma mun hau, amma gaskiya cunkoso ya hana Umma jin daɗinta.

Hoton da ya fi min duka a wani ɗan shago muka ɗauka, irin waɗanda matasa ke cika a kowane lungu, ba mai ɗauka, ku shiga bayan labule ku biya, na'ura ta ƙirga ta ɗauka sannan ta turo doguwar takarda mai hoto huɗu. A na farko Umma ta ɗaure fuska irin ta hoton fasfo, na biyu tana gyara mayafi, na uku ƙanwata ta rungumo ta, na huɗu dariya take har idonta ya rufe. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin in baro gida.

A Imjingak na fahimci me ya sa suke riƙe hoto haka. Wuri ne a Paju kusa da iyakar Koriya ta Arewa, akwai shingen waya da aka ɗaure wa ƙyallaye masu rubutun addu'a da saƙo, da tsohon kan jirgin ƙasa duk huda-hudar harsashi, da wani dandali da waɗanda asalinsu Arewa ne ke zuwa lokacin Chuseok su fuskanci garinsu su rusuna tunda ba halin zuwa. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya raba iyalai, tsagaita wuta kawai aka yi, har yau ba yarjejeniyar zaman lafiya. A 1983 gidan talabijin na KBS ya yi kwana 138 yana nuna mutane riƙe da kwalaye masu sunan 'yan uwansu da suka ɓace, aka haɗa iyalai sama da dubu goma, waɗanda nasu ke Arewa kuwa haɗuwa ta ƙarshe da aka shirya musu a 2018 ce, da yawa sun mutu suna jira. Da na gama yi wa Umma bayani ta daɗe tana kallon ƙyallayen nan, ta ce "Allah sarki, su ko muryar ba sa ji", sai ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a. Raina ya sosu sosai a wajen nan, mu da hanya a buɗe take, waya a hannu, me zai hana mu.

Kafin su koma na kai hotunan aka wanke su a takarda, na rubuta wuri da kwanan wata a bayan kowanne yadda na saba a littafin lab, don hoton cikin waya in ta faɗa ruwa ko aka sace shi ke nan. Albam ɗaya ya bi su Kano, ɗaya yana wajena. Kiran bidiyo ma yanzu yana da lokacinsa, Asabar bayan la'asar ɗina, su kuma suna karin kumallo, ba na sa wani aiki a wajen. Baba na riga na sa masa rana, kaka mai zuwa in sha Allahu, shi Busan yake so a kai shi ya ga teku da kasuwar kifi ta Jagalchi, na kuma faɗa wa farfesa tun yanzu don a tsara hutun.