Godiyata ga waɗanda suka tsaya mana a kan maganar Dutsen Shere

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an sallamo yaron nan daga asibiti, yana gida. Likita ya ce karayar wuri ɗaya ce, a saman idon sawu, ba sai an sa ƙarfe ba. Sanyin da ya shige shi ma ya sake shi, tarin ya ragu, jiya har tuwo ya nema da kansa. Ni ce dai har yanzu barci bai dawo mini daidai ba, don haka duk wanda ya kira ban ɗaga ba, ko ya turo saƙo ya ga shiru, ya yi mini uzuri. Wayar ce da na gan ta sai gabana ya faɗi.

Ba zan maimaita labarin ba, kun bi shi tun daren Asabar ɗin da ƙanwarsa ta sa hotonsa a Facebook: yaron namu ya tafi hawan Dutsen Shere da abokansa, ya ɓace musu a can sama, ya kwana da karaya, sai da asuba aka tsince shi. Abin da nake so in faɗa daban ne.

Mu mutanen Jos mun saba ganin duwatsun Shere ta gabas, har mun daina ganinsu. Ni da aka haifa a Gangare ban taɓa tambayar tsayinsu ba sai daren nan, da wani cikin masu neman yake cewa ƙololuwar ta kai mita 1,829, garin Jos kansa kuma yana wajen mita 1,200. Ya faɗa ne don ya fahimtar da mu dalilin da ya sa ba za a hau da kowa ba: a watan Agusta in ruwa ya ɗauke hazo yakan sauko ya rufe saman, dutse ya yi santsi, mutum bai ganin wanda ke gabansa. Ina jin sa, amma hankalina na kan rigar da yaron ya fita da ita, 'yar shara-shara mai gajeren hannu.

Muna tsaye a gindin dutsen wajen Lamingo, fitilun masu hawa suna bayyana suna ɓacewa. Can cikin dare wani mutum, ba da mugun nufi ba, ya ce wa maigidana a hankali, “Alhaji, in gari ya waye a tura wasu su duba kududdufai.” Ya ɗauka ban ji ba. Duk uwar da ta yi goyo a garin nan ta san abin da wannan magana take nufi. Ramukan kuza da aka bar mana tun zamanin Turawa sun ci 'ya'yan mutane da yawa, ruwansu kore, kwance, ba a sanin zurfinsa. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa cikin taɓo. Ɗan fari ne, a gidanmu ko sunansa ba na kira, amma a wannan daren na kira shi da ƙarfi a gaban surukaina, ban ji kunyar kowa ba.

Wadda ta tsince shi ita ce dalilin wannan rubutu.

Tsohuwa ce, mutuniyar ɗaya daga cikin ƙauyukan Afizere da ke bayan dutsen, waɗanda muka fi sani da Jarawa. Da asuba ta fito za ta gonarta ta acca, karenta ya tsaya yana haushi wajen wani tsohon kufai da ke sama da hanyarta. Irin kufan nan ne na mutanen da, lokacin da ake zama a kan dutse saboda tsoron hari: zagayen duwatsu na harsashin ɗakuna, da dutsen niƙa wanda cikinsa ya lotsa. Su yaron ya ratse ya je ɗauka a hoto har hazo ya raba shi da abokan tafiya, a nan kuma ya zame. Ya ce da ya ga ba zai iya taka ƙafar ba sai ya ja jiki ya shiga bayan wata 'yar katangar dutse da ta rage, ita ta tare masa iska har safe.

Ya ce da ta iso bai iya magana ba, haƙoransa ke haɗuwa. Ba ta tambaye shi ko ɗan wane ne ba. Ta kwance zanen da ta yafa ta lulluɓe shi, ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta, ta riƙa murza masa tafin hannu tana cewa, “Sannu ɗana, ba ka mutu ba, sannu.” Gwaten da ta ɗauko a 'yar roba don karin kumallonta, shi ta riƙa ba shi da yatsa kaɗan-kaɗan. Da ta ga yana motsa baki yana kallon gabas, sai ta gane salla yake so, ta ɗago shi ta jingina da dutsen ta koma gefe har ya gama da ishara. Ita Kirista ce, da sarƙar gicciye a wuyanta. Bayan nan ta tura jikanta da gudu ya kira maza, ita kuwa ba ta motsa daga wurin ba har aka zo da igiya da makara.

Ta zo asibiti daga baya da acca a ƙulle cikin leda. Maigidana ya miƙa mata ambulan, ta mayar masa da hannunsa. Ta ce, “Ni ma na haifa.” Mama, na san ba kya karanta Facebook, amma jikanki ya ce zai karanta miki. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuriya, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya ba ki mai lulluɓe ki ranar da kike jin sanyi. Zanenki yana wurina, na wanke na goge, da ƙafata zan kawo miki.

Maharban ƙauyen da matasansu, su suka san hanyoyin da babu su a taswirar waya. Sun kwana a kan dutse tare da samarin unguwarmu, ba su karɓi ko kuɗin ruwa ba. Akwai kuma wasu matasa biyu da suka taɓa yin horo a makarantar hawan dutse ta 'yan Man O' War da ke nan Shere, su suka ɗaure ƙafar da sanduna kafin a ɗaga shi. Likita ya ce wannan ɗaurin ne ya hana ƙashin ya gota. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan magabatanku.

Na san ba a cika ambaton mutum kan alherinsa ba, kuma wasunku za su yi fushi, amma ba zan iya shiru ba. Kawu na Bauchi Road, da ciwon gwiwarka ka tsaya a ruwa har asuba. Gwaggo ta Rikkos, ke kika kwashe ƙananan yara kika riƙe gidan. Mai shayin bakin layinmu ya rufe teburinsa ya loda tukunya a keke-napep ya kai wa masu nema, har yau bai yarda an yi lissafi ba. Liman da jama'ar masallacin unguwa da suka yi ta alƙunutu, matan Islamiyyarmu da suka raba izu suka sauke, da maƙwabciyata ta bayan gida wadda ta ce cocinsu ma an sa shi a addu'a ranar Lahadi, Allah ya biya muku bukatunku na alheri, kada ya nuna muku irin wannan dare a kan naku. Ma'aikatan jinya na ɗakin ƙashi, musamman mai aikin dare da take zuwa ta gyara masa matashi ba tare da an kira ta ba, Allah ya ƙara daraja.

Waɗanda suka taso daga Bauchi da Kaduna har da Kano, Allah ya mayar da ku gida lafiya. 'Yan uwan da ke Abuja kuma mun ga saƙonninku a WhatsApp, mun gode. Mun san aiki ya yi yawa, hanyar Akwanga ma ba daɗi. Ya dai yi ta tambaya ko Baffansa ya iso.

Abokan tafiyarsa, ku daina ɓuya. Ku ma 'ya'yan wasu ne, na ga yadda kuka koma sama cikin duhu ba a sa ku ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Masu ce mini in hana shi hawan dutse gaba ɗaya, na ji, amma ban jin zan iya. Tun ranar da makarantarsu ta kai su dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis take tun 2001, yaron nan bai sake zama daidai ba. Yakan ba ni labarin wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi, har in gaji in ce ya tashi ya ba ni wuri. Sharaɗin da mahaifinsa ya kafa shi ne: ba hawa cikin damina, ba tafiya sai da ɗan gari mai nuna hanya wanda za a biya shi haƙƙinsa, kuma rigar sanyi a jaka ko da rana ta take. Ƙungiyoyin da ke kwasar yara ranar Asabar, don Allah ku ma ku riƙa ƙirga kawuna a kowane zango, kuma ku fara gaida mai unguwar ƙauyen kafin ku hau.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, amma don Allah bayan la'asar, da safe maganin yana sa shi barci. Hoton da aka ɗauka lokacin da ake sauko da shi a makara, duk wanda yake da shi ya taimaka ya goge, ƙannensa suna gani. Ranar Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu za a yi saukar Alƙur'ani a gida bayan an sauko masallaci, ranar Asabar kuma mu da maigidana za mu je ƙauyen mu yi godiya. Mota biyu ce, mai son bin mu ya gaya wa ƙanwarsa kafin Alhamis.

Wassalamu alaikum.