Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dutsen Iyakar Eyam

A makon jiya mun tsaya inda bas ta sauke ni a Eyam, daga ni sai akwati da gwangwanin yajin da Inna ta daka mini. Sunan garin ma sai da direba ya gyara mini, ashe "Iim" suke furta shi.

Ƙauye ne a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, cikin tuddan Peak District, mutum 969 a ƙidayar 2011. Titi ɗaya dogo ne ya ratsa shi a ƙirjin tudu. Ta arewa tsauni ya tokare shi, ta kudu ƙasa ta gangara cikin kwazazzabon dutsen farar ƙasa, inda ƙauyen Stoney Middleton yake. Gidajen duk na dutse ne ruwan toka. Gonakinsu ciyawa ce da tumaki, an raba su da katangun duwatsu da aka jera da hannu, ba siminti ba laka, kuma ba su rushe ba. A da haƙar darma ce sana'ar garin.

A Nuwamba na iso. Kafin ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi, kowa ya ja ƙofarsa. Ba kiran salla, ba hayaniyar yara, ba mai talla. Ni da na tashi a cikin birnin Zariya, inda ba ka rasa mai sallama ko da tsakar dare, shirun nan ya sa ni kuka fiye da sanyi. Nama da masallaci sai na hau bas zuwa Sheffield.

Aikina kula da wata tsohuwa ne, safe da yamma: wanka, shayi, magani. Ranar farko ta kira ni da kalmar da ke nufin agwagwa, raina ya ɓaci. Daga baya na ji mai kanti yana faɗa wa kowa haka, ashe kiran ƙauna ne a yankin. Ni kuma Kaka nake ce mata, har ta saba.

Wata safiya ta ga idona a kumbure.

"Kaka, mutanen garinku ba sa son baƙo ne?" na tambaye ta.

Ta ce in na tashi aiki in bi hanyar ƙafa ta Stoney Middleton, in ga wani dutse, in dawo mu yi magana.

Na same shi a tsakiyar makiyaya, bai kai ƙuguna ba, da ramuka shida a kansa. Na zura yatsa a ɗaya, ruwan sama ne ciki, sanyi ƙarara. A 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, da ƙuma masu ɗauke da annoba a ciki. George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin, shi ya fara mutuwa a watan Satumba. Da cutar ta tsananta a 1666, limamin cocinsu William Mompesson da tsohon limaminsu Thomas Stanley suka shawo kan jama'a: ba mai fita, ba mai shigowa, don kada ta kai ga maƙwabta. Sai mutanen kewaye su ajiye abinci a gindin dutsen nan, 'yan gari su zuba kuɗi cikin ramukan da aka cika da ruwan khal, wani ruwa mai tsami da suka yi imani yana kashe cutar. Kimanin mutum 260 suka rasu, har da matar Mompesson ɗin. Elizabeth Hancock da hannunta ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Kaburburan suna nan a gabashin gari, an zagaye su da 'yar katanga.

Ina tsaye na tuna hadisin da muka haddace a Islamiyya, cewa in annoba ta sauka a garin da kake kada ka fita, in kana waje kada ka shiga. Tsigar jikina ta tashi. Na daɗe a wurin, tumaki na kiwo a gefena, har hazo ya rufe kwarin.

Da na koma masaukina na tarar da ƙwai shida cikin kwali a bakin ƙofa, da kwalbar zuma. Ba takarda, ba suna. Washegari na tambayi Kaka, ta ce ba ta san komai ba, ta ce in zuba mata shayi kada ya huce.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da ƙanƙara ta toshe hanya ina da awo a asibiti.