Motar da Ke Jin Linzami

Shekara goma sha huɗu ke nan ina sayar da motoci 'yan Kwatano a Katsina. Filina ƙarami ne, mota goma sha biyu ke cika shi, yara uku ke aiki tare da ni, ɗaya daga cikinsu bakanike. Corolla da Camry da Sienna ne ke biya mana kuɗin haya. Amma ba na rasa biyu ko uku a gefe daga cikin motocin da ake saye don daɗin tuƙi, kuma a kansu na fi sanin aikin nan.

Saurayi in ya shigo, tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, kilo nawa take gudu?" Sai in ce masa, "Ɗana, zauna tukuna." Mu Katsinawa mun san doki, tun zamanin Sarki Dikko ake ƙwallon dawaki a garin nan. Mai wasan ba gudu kaɗai yake nema ba, yana neman dokin da zai juya da zarar an taɓa linzami. To haka nake auna mota, a kwana, ba a miƙaƙƙen titi ba.

A wannan ma'aunin, BMW 328i ta shekarun 2007 zuwa 2011 ce ta fi kwanta mini. Injinta silinda shida ne a jere, lita 3, ƙarfin doki 230. Mai jan baya ce, wato tayoyin baya ke tura ta, na gaba ba su da aiki sai juyawa, kuma nauyinta ya rabu kusan rabi da rabi tsakanin gaba da baya. Sitiyarinta yana da nauyi a hannu, wasu ma kan yi ƙorafi a ranar farko. Amma nauyin nan shi ne maganar da take yi da kai. In kwalta ta koma tsakuwa, tafin hannunka zai sani kafin idonka. Ka shiga kwana, ka ɗan ƙara totur wajen fita, sai ka ji bayanta ya zauna daram, hancinta ya bi inda ka nufa ba gardama. Sai dai ba na ɓoye wa kowa halinta. Famfon ruwanta na lantarki ne, yakan mutu ba sallama, ga robobin da ke kewaye da lagireto ba sa shiri da zafin Afrilu. Tayoyin da take zuwa da su, masu iya tafiya ko da iska ta fita, gefensu tauri gare shi, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu.

Lexus IS 250 ita ma jan baya ce, V6 mai lita 2.5, doki 204. Tana shan kwana lafiya lau, amma shiru take yi maka. Sitiyarin santsi, cikin motar tsit, kamar dokin da aka hora har ya daina nuna ransa. Yayarta IS 350 tana da doki 306, tana fizga sosai, duk da haka shirun yana nan. Alherinta shi ne jinin Toyota ce, kanikawanmu ba sa tsoronta. Kujerar baya dai matsattsiya ce, mai iyali ya gwada kafin ya biya.

Marsandi C300 ba ta wasa ba ce. A doguwar hanya kamar ta Kano babu mai kwanciyarta, shi ke nan.

Wadda mutane ke rainawa ita ce Golf GTI, don ganin ƙanƙantarta. Tun 1976 Jamusawa ke ƙera ta. Wadda nake kawowa mai lita 2 ce da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, doki 200, jan gaba. A cikin gari, tsakanin shataletale da lunguna, ta fi BMW daɗi, wallahi, don ba ta da jiki kuma tana amsa ƙafa nan take. Amma tayoyin gaba ne ke ja, su ne kuma ke juyawa, saboda haka in ka matsa totur a tsakiyar kwana hancinta zai nemi zarcewa waje, dole ka sassauta. Giyarta mai canja kanta, wadda ake kira DSG, tana canji kamar ƙiftawar ido, muddin ana canja mata mai duk kilomita 60,000. Da yawa sun kashe ta a kan wannan sakacin.

Ƙa'idata ita ce ba na karɓar kuɗin kowa sai ya tuƙa. Da safe muke fita hanyar Daura, ina zaune a gefensa, kuma ba a wuce kilo 100, don akwai masu babur da dabbobi. Bara wani malamin makaranta ya zo da kuɗin Lexus a hannu. Na ce, "Malam, taɓa wannan ma ka ji." Bai ce uffan ba har muka kusa Mashi, sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, ashe haka ake ji?" Na lissafa masa kuɗin famfon ruwa da na tayoyi, ban rage ko ɗaya ba. Ya kwana biyu yana shawara, ya dawo ya ɗauki BMW. Kafin ta bar filin na sa bakanikena ya canja mata famfon da duk robobin ruwan, na cire kuɗin daga ribata.