K9 bai je ko'ina ba: darussan da na ɗauka daga aikin histon

Na bar ɗakin binciken da na yi digirina na uku a cikinsa, kuma tunda abokan aiki da dama suna ta tambayata abin da ya hana ni tsayawa in ci gaba da aikin histon, wato furotin da DNA ke naɗe a jikinsa, a wurin, na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba kuma zan faɗi sunan farfesan da ke shugabantarsa ba. Waɗanda muka zauna tare sun san shi.

An ɗauke ni ne a kan wani magani da ake gwadawa a jikin ƙwayoyin sel na ciwon daji. Kafin zuwana an riga an yi westan bulot, gwajin da ake sa antibodi (furotin mai kama takamaimiyar alama) ya nuna alamar a matsayin baƙin layi, an ga alamar metil uku da ke kan amino asid laisin na 9 (K9) a wutsiyar histon H3, wato H3K9me3, tana dusashewa idan an zuba maganin. Duk wanda ke wannan fanni ya san nauyin wannan magana. Tun a 2000 da ɗakin binciken Thomas Jenuwein ya nuna SUV39H1 ne ke ɗora metil a wannan gurbi, aka kuma gano a 2001 cewa furotin HP1 yana kama alamar ya ƙulle yankin, K9me3 ta zama tambarin DNA da aka rufe aka hana ƙwayoyin gadonsa aiki. Maganin da zai goge ta kuwa zai iya buɗe abin da ciwo ya rufe. Farfesa ya ɗora takardar neman kuɗin bincike a kan hoton wannan bulot, ya zaga da shi taruka, aikin wasu ɗalibai ma a kansa ya rataya. Ni abin da aka ce in yi shi ne in tabbatar da sakamakon a na'urar mas-sipek, mai gane abu ta hanyar auna nauyinsa, domin masu tantance takardu a mujallu sun fara neman hakan. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, in tabbatar.

Na yi abin da kowa ke yi. Na ware cibiyoyin sel, na fizgo histon da ruwan asid na salfa, na toshe laisin da furofiyonik anhaidiraid domin tiripsin, enzayim mai yanka furotin, ya yanka a bayan amino asid arjinin kaɗai. In ba a yi haka ba, wutsiyar H3 cike take da laisin da arjinin, sai ta dagargaje ta zama gutsattsarin da ba sa ko tsayawa a kolom, bututun da ke rarrabe su kafin su shiga na'ura. Da wannan hanya, wadda Benjamin Garcia da abokan aikinsa suka daidaita a ɗakin binciken Donald Hunt, gurbi na 9 zuwa na 17 yana fitowa a guntu ɗaya: KSTGGKAPR. A kan wannan ɗan guntu mai amino asid tara rayuwata ta ƙare a wurin.

Kallon farko kamar ya goyi bayan Farfesa, domin a zanen da na'ura ke fitarwa, tudun guntun da ke ɗauke da K9me3 shi kaɗai ya yi ƙasa a samfurin da aka sa wa magani. Amma a gefensa wani sabon tudu ya taso wanda da ƙyar ake ganinsa a samfurin da ba a taɓa ba, nauyinsa ya ɗara na farkon da dalton (ma'aunin nauyin irin waɗannan guntaye) 79.966. Fosfet ke nan, ba wani abu ba. Na buɗe sifektiram ɗin ɓaraguzansa, wato jerin nauyinsu bayan na'ura ta fasa guntun, na bi su ɗaya bayan ɗaya, domin serin na 10 da tireyonin na 11 suna manne da juna, kowannensu kuma yana iya ɗaukar fosfet. A serin na 10 yake, wato S10. Metil ukun kuwa suna nan daram a laisin na 9, a jikin guntun nan dai. Alamar da aka ce magani ya goge ba ta motsa ba, maƙwabciya kawai ta samu.

Daga nan komai ya hau kan layi. Fosfet a S10 shi ne abin da enzayim Aurora B ke ɗorawa a lokacin da sel ke shirin rabuwa biyu. Na koma maikiroskof na duba farantan da kyau: ƙwayoyin da suka sha magani sun dunƙule sun zama kamar ƙwallo, sun ɗago daga gindin faranti, alamar sun maƙale a tsakiyar rabuwa. Tun a 2005 Wolfgang Fischle, a ɗakin binciken David Allis, ya nuna cewa fosfet ɗin S10 yana tunkuɗe HP1 daga kan K9me3 alhali metil ɗin yana nan. Abin da ya hana HP1 kamawa shi ya hana antibodinmu kamawa. Kamar baƙo ne da aka kwatanta masa gida da launin ƙofa, ya zo ya tarar an jingina katako a jikinta, ya koma ya ce babu gidan.

Na san abin da za a ce, cewa guntu mai fosfet ba ya tashi a na'ura daidai da marar fosfet, don haka haɗa tudu biyu a ce jimlarsu ba ta canja ba lissafi ne mai rauni. Wannan gaskiya ne. Shi ya sa na ɗebi histon daga samfuran biyu, na zuba musu enzayim fosfatez ya cinye fosfet ɗin, na raba kowanne gida biyu: rabi na'ura, rabi bulot da antibodin nan dai da aka saba. A na'ura K9me3 ya fito kai ɗaya. A bulot kuma layin da ya dusashe ya dawo baƙi ƙirin, daidai da na ɗan'uwansa.

Ban kai maganar taron mako ba, don ban so ya ji ta a gaban ɗalibai. Ofishinsa na same shi, na ajiye takardun na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da nake so ka gani kafin a ci gaba da rubutun." Ya duba sifektiram ɗin ya tambaye ni yadda na san metil uku ne ba asetil ba, tunda duka biyun 42 suke ƙarawa. Tambaya ce mai kyau, na kuma ji daɗinta, don na ɗauka mun fara magana ta ilimi. Na ce masa asetil 42.011 ne, metil uku 42.047, ratar dalton 0.036. A guntun da nauyinsa bai wuce dalton dubu da 'yan kai ba, wannan rata ta haura kashi 30 cikin miliyan, na'urarmu ta Orbitrap kuwa kuskurenta bai kai kashi 5 ba. Ban da haka ba sa fitowa daga kolom lokaci guda, kuma mai metil uku yakan zubar da ɓangare mai nauyin 59 idan an fasa shi. Sai na tura masa hoton bulot na fosfatez. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni wa ya ba ni izinin taɓa wannan enzayim. Da zan fita ya ce, "Ke inji aka ba ki, ba tambayar bincike ba."

Wannan jumla ce ta fi komai tsaya mini a rai, har yau kuma ba ta sauka ba. A taron da ya biyo baya ya gaya wa kowa cewa na'ura tana da hayaniya, cewa mas-sipek matsakaicin miliyoyin sel kawai yake bayarwa, kamar bulot ɗin ba haka yake ba. Aka cire ni daga aikin aka mai da ni mai zuba samfuran wasu. Babu wanda ya ce uffan, ban kuma ga laifinsu ƙwarai ba, kowa sa hannun mutumin yake jira a kan kundinsa. Aka aika takardar yadda take. Ɗaya daga cikin masu tantancewa ya tambayi abin da duk mai hankali zai tambaya: ko an duba S10, ko kuma maganin yana tsayar da rabuwar sel? Sai aka sa wani ya maimaita gwajin fosfatez, ya samu abin da na samu. Takardar ta sauya fuska gaba ɗaya ta koma kan tsayar da rabuwar sel, da sifektiram ɗina a cikinta. Sunana yana can ƙasa a sashen godiya, cikin waɗanda suka ba da taimakon fasaha.

Ba ina cewa antibodi abin banza ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Na'urata ba za ta taɓa gaya maka a kan wace ƙwayar gado alama ta zauna ba, don tun a matakin asid an raba histon da DNA ɗinsa. Wannan aikin ChIP ne, gwajin da ke jawo histon tare da DNA ɗin da ke jikinsa, shi kuma da antibodi yake tafiya. Ita na'ura abin da take gaya maka shi ne nawa ne, kuma da wa yake zaune a wutsiya ɗaya. Tambayoyi biyu ne daban, duk wanda ya ɗauki ɗaya a matsayin hatimin ɗayar zai sha wuya. Amma ya kamata a riƙa tuna cewa binciken da aka buga a 2011 a ƙarƙashin shirin modENCODE ya gwada antibodin histon sama da 200 da ake sayarwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suka faɗi gwajin kama abin da aka ce suna kamawa. Dalili ɗaya a bayyane yake ga duk wanda ya kalli jerin H3: K9 da K27 duka a cikin ARKS suke zaune, kowanne da serin a bayansa mai jiran fosfet. Idan bulot ya nuna maka alama ta ɓace a ɗayan wuraren nan, fara tambayar abin da ya sauka kusa da ita kafin ka tara mutane.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin ya san duk wannan. Shi ya koya mana tarihin fannin a aji, daga Vincent Allfrey da ya fara danganta asetil da metil na histon da sarrafa ƙwayoyin gado a 1964, zuwa Brian Strahl da Allis da suka ce a 2000 alamomin nan a haɗe ake karanta su, ba ɗai-ɗai ba. Ya faɗa da bakinsa cewa alama ɗaya tana canja ma'anar ta kusa da ita. Da misalin ya zo kan teburinsa, a cikin aikinsa, daga hannun wadda yake ganin mai kula da inji ce, sai ya kasa gani. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda zai karɓi aikin mas-sipek a wani ɗakin bincike: tambayi ko za a zauna da kai lokacin tsara gwaji, ko kuwa sai an gama za a miƙo maka kwalba. In amsar ta biyu ce, ka san matsayinka tun ranar farko. Maganar sunaye a takarda kuma a yi ta a rubuce kafin samfurin farko ya shiga na'ura, ko da za a ce ka cika son kai.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa cin wani a gabana. A sa sodiyam butiret da masu hana fosfatez aiki a ruwan ware cibiya, in ba haka ba asetil da fosfet za su zube kafin a kai ga na'ura. Da ban sa ba, da ban ga fosfet ɗin da ya warware maganar ba. A duba furofiyonil ya kama sosai kafin a yarda da kowane adadi. A guntun 27 zuwa 40, metil biyu a K27 da ɗaya a K36 nauyinsu ɗaya da akasin haka, sai ɓaraguzai ne ke raba gardama, kada a bar wa manhaja ita kaɗai. A dubi sel da ido kafin a kashe su. A ajiye ɗanyen fayil da kwanan wata a wurin da ba mutum ɗaya ke da iko da shi ba.

Inda zan koma, da wutsiya doguwa suke aiki: a yanka H3 da enzayim GluC a samu amino asid 50 na farko a haɗe, a fasa da ETD, dabarar fasa guntu a cikin na'ura da ta fito daga ɗakin Hunt a 2004, a ga K4 da K9 da S10 da K27 da K36 duk a kan ƙwaya guda. Aiki ne mai wahala, na'ura ba ta ba da shi da sauƙi, kuma shi nake so. Akwai tambayar da na so in yi a tsohon wurin ba a bar ni ba: idan aka wanke maganin, ƙwayoyin da suka tsira suka fita daga rabuwa, fosfet ya sauka, shin HP1 yana komawa daidai inda ya bari, ko kuwa wasu yankunan suna zama a buɗe? Idan na biyun ne, to maganin yana taɓa sarrafa ƙwayoyin gado da gaske, ta wata hanya dabam da wadda Farfesa ya zata, kuma da aikinsa ya fi wanda ya buga ƙarfi. Na rubuta tsarin gwajin na bar wa ɗalibar da ta karɓi na'urar bayana, tare da fayilolin duka.