Ranar tsufar da Hurricane: dauɗa, hayaƙi da ƙurar hamada

Asabar, tsakiyar hunturu.

Yau ce ranar tsufar da jirgin, wato a sa ƙaramin samfurin roba ya yi kama da jirgin da ya sha aiki. Kwana biyu ya yi a kife ƙarƙashin baho don kada ƙura ta sauka masa, banish mai sheƙin da na rufe tambura da shi ya bushe ƙamas. Hurricane Mk.I ne na hamada, jirgin yaƙin Ingila, samfurin kamfanin Airfix, ma'aunin 1/48, wato santimita ɗaya a kan tebur santimita 48 ne a jikin jirgin gaske. Fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne daga tsini zuwa tsini, a nan sun dawo santimita 25 da 'yan kai. Wannan lissafin shi ne linzamin aikin yau gaba ɗaya. Tabon da bai wuce milimita ɗaya ba a kan roba, a jirgin gaske ya kai faɗin yatsu uku. Duk wanda ya manta da haka, jirginsa zai fito kamar an tono shi daga bola.

Irin waɗannan jirage ba baƙi ba ne a sararin samaniyarmu. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila, sai aka koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A can ake harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su bi ta Fort Lamy wato N'Djamena ta yau, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum, sannan su gangara Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, jirgin bom Blenheim ɗaya a gaba yana jan Hurricane shida. Jirgin da ya yi wannan doguwar tafiya ya sha ƙura da rana tun bai ga fagen fama ba. Wanda ke kan teburina na 1941 ne, bayan ya daɗe a hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya, da matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hancinsa kamar gemu.

Fentin jikinsa uku ne, duka haɗin fentin kamfanin Tamiya, ga lambobinsu. Ruwan ƙasa mai haske: XF-59 da XF-60 daidai wa daida. Ruwan ƙasa mai duhu: XF-52 da XF-64, su ma kashi ɗaya ɗaya. Shuɗin ciki: XF-2 kashi goma, XF-18 kashi biyar, X-16 kashi biyu. A saman fukafukai da gadon baya na ƙara ɗigon fari a kowane launi tun ranar feshi, domin nan ne rana take ci.

Ƙarfe bakwai na safe na fara da ruwan dauɗa, wanda ke shiga layukan da ke tsakanin farantai. Fentin mai na masu zane nake amfani da shi: ruwan ƙasa mai duhu gwargwadon ƙwayar wake, baƙi gwargwadon ƙwayar gero. Kafin a tsinka shi sai an shafa shi a kan kwali ya yi minti ashirin, kwalin ya tsotse man da ke ciki. In ba a yi haka ba sai ya kwana uku bai bushe ba, kuma ya bar sheƙi a gefen layi. Daga nan a narka shi cikin tina marar wari cokalin shayi biyu, har ya zama kamar ruwan bunu. Ba shafawa ake yi ba. Bakin siririn buroshi ake ɗorawa a mahaɗar layuka biyu, ruwan ya gudu da kansa. Abin da ya sa ake sa banish mai sheƙi tukuna ke nan: a kan fenti marar sheƙi ruwan ba ya gudu, shanyewa yake yi ya bar tabo kamar na man ja a farar riga. Kuma dole banish ɗin ya zama na ruwa, don tinar ba ta cin sa.

Baƙi zalla ba shi da wuri a kan launin hamada. Yana mayar da jirgi kamar an zana shi da biro. A ciki, kan shuɗin, na rage ruwan ƙasan na ƙara ɗan fari ya koma toka-toka. Wuri ɗaya kawai na bari ya yi duhu sosai, daga bayan matatar iska zuwa bakin lagireto, wanda a Hurricane yake tsakiyar ciki. Injin jirgin, Merlin, yana yoyon mai, iska kuma tana jan man baya ta wannan hanyar.

Bayan minti ashirin da biyar sheƙin tina ya ɗauke, na goge da audugar kunne busasshiya. A fiffike daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. A gangar jiki daga sama zuwa ƙasa. Abin lura ɗaya: kada a bar tinar ta taru a gindin ƙafafun taya ko inda aka haɗa ƙananan sassa da gam. Tana shiga tsaga ta sa roba ta yi gautsi, washegari ƙafa ta karye ba tare da an taɓa ta ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a kan wannan jirgi. Hurricane ba jikin ƙarfe ba ne gaba ɗaya. Sydney Camm ya gina shi a kan tsohuwar dabarar kamfanin Hawker: ƙashin bututun ƙarfe, a ɗora masa siraran katako, a lulluɓe da yadin lilin da aka shafa wa maganin da ke ɗame shi kamar fatar ganga. Daga bayan mazaunin matuƙi har jela yadi ne. Linzaman jela da na gefen fukafukai ma yadi ne. Kewayen mazaunin matuƙi daga sama katako ne. Alminiyom yana murfin inji, da farantan gaba, da fukafukan waɗanda aka ƙera daga baya, irin wannan nawa. Na sha ganin samfurin Hurricane da aka yi wa aiki mai kyau, sai a tarar an yayyafa masa ɓarewar azurfa har kan jela. Abin yana ɓata mini rai, domin mai aikin ya yi wahala, amma bai tambayi kansa me ke ƙarƙashin fentin ba. Fenti a kan yadi koɗewa yake yi, ya yi ƙananan tsage, ko a yi masa faci. Ba ya ɓarewa da kaifin baki ya nuna ƙarfe mai walƙiya. Saboda haka kafin in taɓa azurfa sai da na ɗauki fensir na zana jirgin a takarda, na yi wa wuraren ƙarfe alama, na ajiye a gabana.

A kan yadin abin da na yi kaɗan ne. Ɗigo-ɗigon fentin mai fari da ruwan ƙwai, kowanne kamar kan allura, a tsakanin haƙarƙarin katakon, sannan na ja su ƙasa da faffaɗan buroshi mai ɗan danshin tina har suka kusa ɓacewa. Abin da ya rage shi ne hasken koɗewa a kan tudu, inuwa a cikin kwari. In aka ɗaga jirgin a hasken taga sai a ga yadin ya lotsa tsakanin katako da katako, kamar rumfar da ta sha rana.

Kafin ruwan dauɗa ya gama bushewa na juya ga ƙananan sassa. Bututun salansa uku ne a kowane gefe. Na huda bakin kowanne da abin huji mai milimita 0.5, na faɗaɗa da tsinin reza. Launinsu ba jan tsatsa ba ne irin na tsohon kwano. Ƙarfe ne da wuta ta gasa: baƙin ƙarfe a ƙasa, ruwan ƙasa sama-sama, toka a baki. Farfela kuma sai an san irinta. Ta kamfanin de Havilland ƙarfe ce, tana nuna azurfa. Yawancin na Rotol katako ne da aka matse aka rufe, azurfa ba ta da dalili a jikinsu. Tawa ta ƙarfe ce. Yashi ya fi cin bayan ruwan farfela, wajen tsini, da kaifin gaba, don haka can na fi gogawa. Ruwan ɗorawar da ke kan tsini inci huɗu ne a gaske, a nan milimita biyu. Da salatif na auna shi, ido yana ƙara masa tsawo.

Bayan azahar aka shiga ɓarewa. Guntun soso irin na cikin kwalin kaya, girman ƙwayar masara, a riƙe da hantsaki. A tsoma shi a fenti, a dangwala a takarda sau goma ko fiye, sai ya kusa daina barin alama sannan a kai shi jikin jirgi. Azurfa tsantsa tana da ƙyalli da yawa a wannan ma'auni, na karya ta da toka kashi ɗaya cikin uku. Wuraren da suka samu: gindin fiffiken hagu, domin ta nan matuƙi ke hawa, akwai ma matakin ƙafa da ake jawowa a wannan gefen, gefen farantan da ake buɗewa don loda harsashi, inda masu kula da bindigogi ke durƙusawa, kewayen maɓallan murfin inji, inda sukudireba ke zamewa, sai kaifin gaban fukafukai kusa da jiki, inda farfela ke watso tsakuwa. Fiffiken dama ya samu kashi ɗaya cikin uku na abin da hagu ya samu. In gefe biyu suka yi daidai, ido yana ganewa nan take cewa hannu ne ya tsara.

Bindigogi takwas ne, huɗu a kowane fiffike, kuma ana liƙe bakinsu da jan ƙyalle don hana ƙura shiga. Na bar ƙyallayen lafiyayyu, ma'ana jirgin bai yi harbi ba tun da aka loda shi. Don haka ban ja baƙin hayaƙi daga bakinsu ba, sai ɗan dusu-dusu na tsohon tabo a bayan ramukan zubar da kwanso a ƙasa.

Hayaƙin salansa da bindigar feshi na yi shi. XF-1 baƙi da XF-64 ruwan ƙasa daidai, kashi ɗaya na fenti cikin tara na tina, ƙarfin iska psi 12, tazarar santimita biyu. Ana fara fesawa a kan takarda, hannu yana tafiya sannan a shigo jikin jirgi, a yi ta bi sau bakwai ko takwas har launin ya taru. Layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana ɗan lanƙwasa bisa iskar da ke bi ta saman gindin fiffike, yana faɗaɗa yana dusashewa kafin ya wuce mazaunin matuƙi. A tsakiyarsa, dab da bututun, na ɗora siririn layin toka mai haske. Dalmar da ke cikin man jirgi ce ke barin wannan farin.

Da la'asar aka samu matsala. Na fesa banish marar sheƙi a fiffiken dama daga tazarar santimita 20, a psi 22, sai ya fito da fari-fari, in an shafa yatsa kamar samfefa. Laifin tazara ne da iskar hunturu. Babu danshi ko kaɗan a ɗakin, ɗigon banish yana bushewa tun yana cikin iska, ya sauka a matsayin gari maimakon ruwa. Abin da ke aiki lafiya da damina ba ya aiki a wannan wata. Na tsaya nan take, ban taɓa sauran jikin ba. Bayan awa ɗaya na bi wurin a hankali da soson gogewa mai lamba 3000, sannan da tsohon ƙyallen auduga. Garin ya sauka, ɓarewar da ke ƙasa ba ta tafi ba, sai wuri ɗaya a gefen farantin harsashi da na sake dangwalawa.

Ban koma feshi ba sai bayan magariba. Na yayyafa ruwa a dandamalin ɗakin, na rufe taga, na jira minti goma ƙura ta kwanta. Haɗin ya koma banish kashi ɗaya, tina kashi ɗaya da rabi, da ɗigo biyu na maganin jinkirta bushewa a kofin bindiga. Iska psi 15, tazara santimita goma. Alamar da ake nema ita ce wurin ya yi ɗan sheƙin danshi na daƙiƙa huɗu ko biyar kafin ya mutu. Haka ya yi. Bi biyu siriri, minti goma sha biyar a tsakani. Kusa da hannu na ajiye buroshi mai tina ina share tsinin allura bayan kowane bi, don a wannan yanayi fenti yana daskarewa a tsinin, daga baya ya tofo gudaji.

Ƙura ce ta ƙarshe, kuma tana son fuska marar sheƙi, a kan santsi ba ta zama. Kada a ɗebo ƙasar tsakar gida, ko an tankaɗe ta. Ƙwayar yashi mai rabin milimita a wannan ma'auni tsakuwa ce mai girman goro. Allin zane nake kankarewa da reza: ruwan ƙwai kashi biyu, fari kashi biyu, ruwan ƙasa kashi ɗaya. Ƙurar hamadar Masar fara-fara ce. Da jirgin a filin Kano zan nuna shi, da na ƙara ja. Na cusa garin a tayoyi da busasshen buroshi, na ɗiga tina a gefe ta bi ta kama shi, sannan na share tsakiyar tayar da yatsa, domin inda ke taka ƙasa ba ya riƙe ƙura, gefe da cikin ƙafa ne ke riƙewa. Bakin matatar iska da gindin fiffiken hagu ma sun samu kaɗan, a bushe.

Ƙarfe goma na mayar da shi ƙarƙashin baho. Salatif ɗin da na rufe gilashin mazaunin matuƙi da shi yana nan ban cire ba, sai banish ya kwana. Gobe sai a bi gefensa da sabuwar reza kafin a ɗaga, in ba haka ba yana tahowa da fentin firam. Murfin gilashin da farin gam na kafinta za a liƙa shi, domin tururin sufa gulu yana sa gilashin roba ya yi hazo daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Wayar rediyo kuma daga ragowar sandar robar da sassan suka zo a jiki za ta fito: a gasa a kan kyandir, a ja a hankali har ta yi sirantar gashi. Na ja guda biyar a daren nan, biyu sun fito daidai, suna rataye a bakin shiryayye.